Manjan da Baba Shekari Ya Sauke da Igiya

Tun ranar da kuka sayo injin matsar kwakwa, ku samarin unguwarmu, na lura da irin kallon da kuke yi wa turmina da taɓaryata. Ɗayanku har cewa ya yi wai yin manja ba wani abu ba ne, a zuba ta sama ne a tara jarka ta ƙasa. Ban yi fushi ba. Injinku yana da kyau, ni ma da na same shi da ƙuruciya da bayana bai ranƙwafa haka ba. Amma makon jiya na lashi manjanku a kasuwar Kafanchan, na haɗiye, na tsaya ina jira, sai ga shi ya taso mini a maƙogwaro. Maƙaƙi. Kar ku ɗora wa injin laifi. Tun a gindin bishiya kuka ɓata manjan nan, kafin injin ya ji ko ƙamshinsa.

Aikin farko da surukata ta ba ni, shekarar da aka kawo ni gidan nan a gindin duwatsun Kagoro, shi ne tsince. Ta zube 'ya'yan kwakwa a tabarma, ta ce in ware waɗanda suka ji ciwo daga lafiyayyu. Ni da na zo da zumuɗin riƙe taɓarya, sai ga ni zaune ina juya ɗan kwakwa a yatsa ina neman tabo. Masu ciwo su ke fara shiga wuta, lafiyayyu su jira. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Manja barci yake yi a ciki. Kar ki tashe shi sai wuta ya shirya." Daga nan ta koya mini sauran: a dafa a duro har fata ta tsage, a daka da zafinsa, a juye a komi, wato dogon kututturen da aka fafe cikinsa, a zuba ruwa a cuɗa har tuƙa da ƙwallo su rabu, a kwashe jan kumfan da ya taso da ƙwarya, a mayar kan wuta. Nan ne kunne ke aiki. Manja mai sauran ruwa surutu yake yi a tukunya. Idan ya yi shiru, ya gama.

Mai hau mana kwakwa a lokacin, kuma har tsufansa, shi ne Baba Shekari, maƙwabcinmu, siririn mutum mai tafin ƙafa kamar ɓawon itace. Kowane mahayi igiya ɗaya yake da ita, wadda yake zagaye ƙugunsa da bishiya. Shi biyu gare shi. Idan ya kai sama, sai ya ɗaure kan kwakwa da ta biyun kafin ya sa adda, sannan ya riƙa sakinta a hankali. Ni ina ƙasa da ganyen ayaba a shimfiɗe, ina kallon jan abu yana saukowa daga cikin ganye, yana juyawa a iska, rana na haska shi ta nan ta can, har ya sauka kamar wanda ba ya son ya tashi mai barci. Kafin ya gama bishiya ɗaya wasu sun gama uku, suna yi masa tsiya daga sama. Shi dai sai ya leƙo ya ce mini, "Amarya, abin da Ubangiji ya rataye shi da kyau haka, ni ba zan jefar da shi kamar mushe ba." Amarya yake ce mini har na yi furfura.

Masu sayen manjana suna da yawa, amma wadda nake shakka ɗaya ce, Hajiya Rabi mai rumfa a kasuwar Kafanchan, wadda kakanninta ma a kasuwar nan suka yi ciniki. Ba ta duba launi, ba ta sauraren rantsuwa. Ta tsoma ƙaramin yatsa, ta lasa, ta haɗiye, ta kafa wa rufin rumfa ido. Maƙaƙi ba ya zuwa da wuri, sai ya bari kin fara murmushi. Na ga manyan dillalai suna gumi a gaban shirun matar nan.

Malam Bulus kuwa da wata buƙata ya zo mini da ta ba ni dariya. Malamin kimiyya ne a wata kwaleji a Kafanchan, dogo, mai yawan ba da haƙuri. Ya ce in ba shi 'ya'yan kwakwa kashi biyu, lafiyayyu da masu ciwo, zai kai wa ɗalibansa su gwada. Na ce, "Malam, wannan ai tsincen surukata ne, wa ya gaya maka?" Na faɗa masa maganarta ta barci. Ya zauna a kan turmin da na kife, ya ce, "Mama, ta kusa sosai. Amma ba manjan ne ke barci ba. Akwai wani a ɗakin kusa da shi."

Ya fito da wayarsa ya nuna mini hoton wani abu kamar zaren saƙa da kyanwa ta yi wasa da shi, launi-launi, duk a murɗe. Ya ce irinsu ana kiransu enzayim, wannan mai aikin kitse da mai kuma sunansa laifes. Ido ba ya ganinsa. Ya ce hoton na ɗan'uwansa ne da ke cikin hanjinmu, amma da na kwakwa dangi ɗaya ne, aikinsu ɗaya. Ni dai sunan ya fi ƙarfin bakina, na sa masa Mai Murfi.

Ga abin da na riƙe, kuma ku saurara, don ya fi injinku muhimmanci. Dogon zare ne mai ƙwayoyi jere kamar jigida, amma ba ya zama a miƙe. Naɗe kansa yake yi, kullum naɗi iri ɗaya, kuma a cikin naɗin nan duk aikinsa yake. A kan zaren akwai ƙwayoyi uku da suke nesa da juna. Idan ya naɗe sai su haɗu a ƙasan wani ɗan rami, su zauna kamar duwatsun murhu. Ɗaya ce ke yanka, ta biyu ita ke ba ta kaifi, ta uku tana riƙe ta biyun ta tsaya daidai. A gusar da ɗaya, aiki ya tsaya. Shi kuma mai, kowace ƙwayarsa kai ɗaya ne da jela uku dogaye. A bakin ramin akwai wani ɗan kwari mai santsi da ba ya shiri da ruwa, daidai kwanciyar jela. Jela ta kwanta, gindinta ya faɗa tsakanin ukun nan, su tsinke ta, su sake ta, wata ta shigo. Jelar da aka tsinke ita ke yawo cikin manja ba uwa ba uba, kuma ita ce maƙaƙin da Hajiya Rabi ke jira.

Abin da ya fi shiga raina shi ne murfin. Wani ɗan lanƙwasa ne na zaren da ya kwanta a bakin ramin. Bayansa na son ruwa, cikinsa na son mai. Muddin yana cikin ruwa, a rufe yake ruf, ko me ya gilma bai dame shi ba. Da ya taɓa gefen ɗigon mai, sai murfin ya ɗaga ya kwanta a jikin man, rami ya buɗe, yanka ya fara. A cikin lafiyayyen ɗan kwakwa, mai yana nasa ɗakin, Mai Murfi yana nasa. Faɗuwa daga sama ko saran gatari shi ke rushe bangon da ke tsakaninsu.

Na ce, "To wuta fa, Malam?"

Ya ce, "Zafi yana warware naɗin, Mama. Ƙwayoyin suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Amma ukun sun rabu, rami ya shafe, murfi ba shi da abin rufewa. Kamar dafaffen ƙwai ne, ba ya komawa ɗanye."

Na ce ashe mugu ne. Ya yi dariya ya ce a'a, da babu ɗan'uwansa a cikinmu, da duk man da muke ci wucewa kawai zai yi, jiki bai amfana ba. Laifinsa ɗaya, yana fara aiki kafin a kira shi.

Tun daga ranar ban ƙara kallon tulin kwakwa kamar da ba. Ina tsince da rana tsaka, iska na saukowa daga dutse, sai in ga kamar gari ne a tafin hannuna, ɗakuna jajaye ba iyaka, kowane da mansa a kwance, a zaure kuma Mai Murfi yana gyangyaɗi. Da na ba Baba Shekari labari, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Ashe akwai mai gida a ciki. Gara da ban taɓa jefa shi ba."

Shekarar da ta ba ni kashi ta zo ne da albarka, shi ya sa ban gan ta ba. Gab da saukar damina, kwakwa ta nuna gaba ɗaya kamar an yi mata umarni. Baba Shekari ya tsufa, ba ya iya hawa da yawa, dole na ɗauki samari biyu daga wani ƙauye. Ran Asabar suka yi ta jefowa, tim, tim, ina ji har cikin haƙorina. Muka sassare kawunan da gatari muka tara, da niyyar ran Litinin da sassafe su shiga wuta, tunda Lahadi ba a aiki. Kwana biyu ba ya kashe manja.

Shi kuma Baba ya ce tsofaffin bishiyoyin bakin rafi nasa ne, kar kowa ya taɓa. Ya hau su da yamma, yana hutawa a tsakiyar kowace, ya sauke 'yan kawuna da igiyarsa. Da ya sauko daga ta ƙarshe sai ya zauna a ƙasa yana haki, ya ce, "Amarya, wannan ba na kasuwa ba ne. Alheri ya kusa haihuwa. Ki yi shi daban, a kai masa Kagarko, ya sha miyan jego da manjan babansa." Alheri ita ce autarsa, tana aure a Kagarko, cikin fari. Na ce an gama. Ban sa wa nasa gatari ba, na ɗora su a kan rumfa yadda suke.

Washegari bayan sujadar coci ya zauna a gindin mangwaron gidansa, ya jingina, bai tashi ba.

Kun san al'adar garinmu, ko da yake yanzu kun fara yi mata riƙon sakainar kashi. Idan babba ya rasu, ba a hura wutar sana'a sai an binne shi. Ba mai dafa burkutu, ba maƙeri, ba mai manja, wutar abinci kaɗai. A zamanin surukata wannan ba damuwa ba ne, don yau a rasu gobe a binne. Yanzu kuwa akwai mutuware, ɗakin ajiye gawa a asibiti, akwai 'ya'ya a Legas da Abuja da sai sun nemi izini a wurin aiki. Aka sa jana'iza sai Asabar mai zuwa. Kafin in gama jin wannan, matan zumuntar coci suka shigo gidana. Shugabarsu ta ce, "Maman Ishaku, duro naki biyu ɗin nan za mu ɗauka shi, baƙi sun fara zuwa, shinkafa ba ya jira." Me zan ce? Mutumin da ya cika durunan nan shekara da shekaru, shi za a dafa wa baƙinsa abinci. Da hannuna na taya su ɗorawa a kai.

Malam Bulus ya zo gaisuwa ran Talata. Ya ja ni gefe ya ce, "Mama, ko a ƙaramar tukunya, ki ɗan turara na Baba a cikin ɗaki. Tururi kaɗan ya isa ya warware su." Na yi tunani, ba zan ɓoye muku ba, na yi tunani sosai. Amma ƙamshin dafaffiyar kwakwa ba ya zama a ɗaki, kuma katanga ɗaya ce tsakanina da inda matarsa ke zaune a tabarma. Ta yaya za ta shaƙi ƙamshin sana'ata mijinta yana kwance a asibiti? Na ce ba zan iya ba. Sai ya ce, "To kar ki taɓa su. Inuwa da iska, kar ɗaya ya danne ɗaya. Sauran kuma sai addu'a."

Kowace rana nakan zame daga gidan makoki in je in duba. Tulin da samarin nan biyu suka jefo ya fara zafi. In na cusa hannu ciki sai in ji kamar jikin mai zazzaɓi, ga wani tsami-tsami yana tashi, ga farin gashi yana fitowa a bakin sara. Na san me ke faruwa, kuma sanin ne ya fi ciwo. Ina zaune cikin mata muna rera waƙoƙin ta'aziyya, bakina na bin waƙa, ni kuwa ina cikin jan garin nan na cikin kwakwa. Bango ya rushe ko'ina, mai ya malalo zaure, murafu suna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, dubu bayan dubu, ba ƙara, ba gaggawa, jela na kwanciya ana tsinkewa. A can gefen garin kuma akwai wata unguwa da ba a taɓa ba, tsit, kowa na barci. Ita nake wa addu'a. Na shimfiɗa ganyen ayaba da tsofaffin zannuwa a ƙarƙashin rumfar, don 'ya'yan da suka fara sakin kansu su faɗo kan laushi.

A tsakiyar makon labari ya zo daga Kagarko. Alheri ta haihu, namiji, amma sai da aka yi mata tiyata, likita ya hana ta hawa mota. Aka binne ubanta ba ta nan. Da na ji haka sai kawunan nan na kan rumfa suka ƙara mini nauyi, don na gane su kaɗai suka rage da za ta samu daga hannunsa.

Litinin da ta biyo baya na wanke duro da toka har sau nawa, don ƙamshin shinkafa ya fita. Na Baba na fara yi. Na zauna a tabarma na koma amarya, ina juya kowane ɗa a yatsa. Wanda ya yi laushi, waje. Wanda ya yi fari a gindi, waje. Fiye da rabi suka tafi. Sauran na dafa, na daka, na cuɗa, na kwashe, na tsaya a kan tukunya har ta yi shiru. Ƙaramin galan ɗaya bai cika ba. Na rufe na ajiye, na kasa lasa.

Sai na juya kan babban tulin. Manja ya fito da yawa, ja wur, mai kyaun gani, irin naku. Na lasa, na haɗiye, ya kama ni a wuya kamar na haɗiyi ƙaiƙayi. Duka jarkokin, masu yin sabulu ne suka kwashe su a wulaƙance, don su jelar da aka tsinke ba ta dame su. Amfanin kakar nan kenan, kuma a shekarar nan ruwa a kanmu ya sauka, don ba mu sauya kwanon rufi ba. Wannan bai hana ni barci ba kamar ƙaramin galan ɗin. Maƙogwarona ya riga ya ɓaci da maƙaƙi, ko ruwa na sha ji nake yana karta. Ba zan iya yi wa manjan Baba shari'a ba, kuma ba zan kai wa mai jego abin da zai sa ta tari a kan ɗinki ba.

Na hau mashin zuwa Kafanchan, galan a cinya. Hajiya Rabi ta yi mini gaisuwar rashi, na ba ta labari duka, har kwanakin da ya yi a rumfa. Ta ce, "Maman Ishaku, kin san ni ba na ƙarya don ta'aziyya." Na ce shi ya sa na zo. Ta buɗe, ta tsoma ƙaramin yatsa, ta lasa, ta haɗiye, ta ɗaga ido sama. Na ji hayaniyar kasuwa ta yi nisa. Wata mai sayen barkono ta yi sallama har sau biyu, Hajiya ba ta amsa ba. Ta sake tsomawa.

Ta ce, "Ba na ranar farko ba ne. Akwai ɗan abu can ƙasa-ƙasa, sai wanda ya je nemansa." Ta rufe galan ɗin da kanta, ta murɗa da kyau. "Kai mata. In da na sayarwa ne da ban bar ki kin fita da shi ba."

Na sami Alheri a Kagarko tana jingine da matashi, jariri a gefenta, idanunta sun kumbura. Mun yi kukanmu mun gama. Sannan na ajiye galan a gabanta na ce saƙon babanta ne.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Mama, shi da kansa ya hau?"

Na ce, "Da kansa. Na bakin rafi."

"Da wannan tsufan? Ai dole ya jefo."

Na ce, "Babanki? Da igiya."

Ta buɗe murfin, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta rufe ido, ta haɗiye. Na zuba wa wuyanta ido ina jira, bai motsa ba. Sai ta sake tsomawa, ta kamo hannun jaririn da ke dunƙule, ta buɗe 'yan yatsunsa a hankali, ta ɗiga masa ja a tsakiyar tafi. Yaron ya damƙe.

Ta ce, "Riƙe da kyau, Shekari. Kakanka ne ya sauko maka da shi."